Dashen hanta, tiyatar hanta ko jinyar ciwon hanta: wace hanya matashin likitan Katsina zai bi?

Wani ƙanena a aiki, matashin likita ɗan Daura da ya kusa kammala bautar ƙasa, ya tare ni bayan sallar La'asar kwanakin baya. Ya ce, "Yallaɓai, so nake in zama likitan dashen hanta, amma duk wanda na faɗa wa sai ya ce in sake tunani." Na tambaye shi abin da ya ja hankalinsa can. Ya ce kawunsa ne, manomin gyaɗa da bai kai shekara 45 ba, ya rasu a hannunsa. Ciki ya kumbura, idanu suka yi kamar ɗorawa, da aka yi hoto aka ce sankara ta riga ta cinye hantar, babu abin da ya rage sai rage masa raɗaɗi da addu'a. Tun daga ranar ya ƙudurta cewa masu ciwon hanta zai yi wa hidima.

Ban ce masa ya fasa ba. Na dai nuna masa cewa hanyoyi uku ne ke kai mutum ga wannan hidima, kuma kowace da irin rayuwar da take jawo wa mai ita. Abin da muka tattauna shi ne na faɗaɗa a nan, don na san ba shi kaɗai ke cikin wannan ruwa biyu ba. Zan yi magana da kai kamar yadda na yi da shi, ƙanena. Ƙanwata likita da ke karantawa, maganar har da ke.

Hanya ta farko ita ce ta likitan tiyata mai cire hantar da ta mutu ya dasa wata. Ta biyu ita ce ta likitan tiyatar hanta da maɗaciya, wanda ke yanke ɓangaren da ya lalace ya gyara hanyar ruwan maɗaciya amma ba ya dashe. Ta uku ita ce ta likitan ciki da hanta, wanda ba ya riƙe wuƙa, da magani da na'urar leƙa ciki yake aiki.

Mizanin da za mu auna da shi

Abu shida nake so ka riƙe. Shekarun da za ka kwashe kafin a ce ka iya. Kuɗin da zai fita daga aljihunka ko na iyayenka. Ɗorewar sana'ar, wato ko za ka iya yin ta a gida, kuma ko jikinka zai ɗauke ta har ka manyanta. Sauƙi ko wahalar rayuwar yau da kullum, musamman ga mai iyali. Haɗarin da ke ciki, gare ka da kuma ga wanda ke kwance a gabanka. Na shida shi ne wanda matasa ke yawan mantawa alhali shi ya kawo su: mutum nawa irin kawun nan za ka iya tarewa kafin su kai ga halin da ya kai.

Tushen duka ukun ɗaya ne. Shekara 6 a jami'a, shekara 1 ta sanin makamar aiki, shekara 1 ta bautar ƙasa. Daga nan sai jarrabawar share fage ta Kwalejin Ƙwarewar Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, ko ta kwalejojin Afirka ta Yamma, WACS ga masu tiyata, WACP ga likitocin magani. Albashin mai horon ƙwarewa a asibitin tarayya bisa tsarin CONMESS yake, bai bambanta tsakanin mai tiyata da mai magani ba. Bayan wannan matakin ne hanyoyin ke rabuwa.

Hanya ta farko: likitan dashen hanta

Bari in fara da bayanin aikin kansa, domin da yawa sunan suke so, ba su san abin da ke cikin ɗakin ba. Hanta ta kai kimanin kilo 1.5 a jikin babba, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jinin da zuciya ke bugawa ta cikinta yake bi. Idan ta ƙanƙance ta taurare, jinin da ke tasowa daga hanji ya rasa mashiga, sai ya cika ƙananan jijiyoyin ciki su kumbura. Ga shi kuma ita ce ke sarrafa sinadaran da ke sa jini ya daskare. Saboda haka likitan na yanka mutumin da jijiyoyinsa suka cika taf kuma jininsa ba ya tsayawa. Cire tsohuwar hantar kan fi dasa sabuwar wuya. Thomas Starzl, wanda ya fara gwada wannan aiki a jikin mutum a Denver ta Amurka a 1963, yaron da ya yi wa ɗan shekara uku ne, kuma zubar jini ce ta kashe shi kafin a tashi daga tebur. Sai a 1967 ya samu wadda ta rayu fiye da shekara guda. Roy Calne ya yi na farko a Birtaniya a Cambridge a 1968. Duk da haka aikin bai tsaya da ƙafarsa ba sai da aka samu magungunan da ke hana garkuwar jiki yaƙar baƙuwar hanta, siklosforin a farkon shekarun 1980, sannan takrolimus bayansa.

Idan an cire tsohuwar, wurare huɗu ake ɗinkewa: jijiyar da ke kwashe jini daga hanta zuwa zuciya, babbar jijiyar da ke kawo jini daga hanji, jijiyar da ke kawo jini mai iska, sai bututun ruwan maɗaciya. Ta ukun nan, idan daga mai rai aka ɗauko hantar, faɗinta bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, da gilashin ƙara girma ake ɗinke ta da zaren da ya fi gashi siriri. In ta toshe a makon farko, sabuwar hantar na iya mutuwa, shi ya sa kullum ake bin ta da hoton gudun jini. Aikin kan ɗauki sa'a 6 zuwa 12 kana tsaye. A cibiyoyin da suka ƙware, kusan mutum 9 cikin 10 na cika shekara guda bayan dashe, kimanin kashi uku cikin huɗu kuma na kai shekara biyar. Mutumin da aka shigo da shi ba ya gane 'ya'yansa saboda gubar da ta hau masa kai, ka gan shi bayan wata uku yana tafiya da ƙafarsa. A duk fannin likitanci ban san abin da ya fi wannan sanyaya zuciya ba, kuma ban ga laifin duk matashin da ya yi sha'awarsa ba.

Shekaru. Bayan 8 ɗin farko, horon tiyata kan ci kimanin shekara 6 idan ba ka faɗi jarrabawa ba kuma yajin aiki bai ci maka lokaci ba. Sai shekara 1 zuwa 2 a tiyatar hanta, sai aƙalla 2 a dashe. Wanda ya shiga jami'a yana ɗan 18 zai kai aƙalla 35 kafin ya riƙe takardar, kuma zai doshi 40 kafin ya jagoranci aikin shi da kansa.

Kuɗi da wurin horo. A nan ne wannan hanya ta fi sauran tsada, domin dashen hanta bai zama aikin da aka saba yi a asibitocin Najeriya ba. Dashen ƙoda dai an fara shi a Legas a 2000, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara a 2002, amma mai neman hanta har yanzu Indiya ko Masar ko Turkiyya ake kai shi. Kai ma dole ka fita.

Indiya ce na fi ba ɗan ƙasarmu shawarar ya duba. Manyan cibiyoyinta a Delhi da Gurugram da Chennai na yin dashe ɗaruruwa a shekara, kuma a arewacin ƙasar mafi yawa daga ɗan'uwa mai rai ake ɗauka, wanda shi ne irin da zai fara yiwuwa a nan. Mohamed Rela, wanda ya dasa wa jaririya 'yar kwana biyar hanta a Landan a 1997, ya koma Chennai ya kafa cibiya. Da Ingilishi ake karatu, rayuwa kuma ba ta kai tsadar Turai ba. Amma ka buɗe ido a kan abu guda. Akwai horon kallo, akwai horon sa hannu. Na farko za ka biya kuɗi ka tsaya bayan kafaɗar wani tsawon watanni ka dawo da takarda mai kyau, hannunka bai taɓa hanta ba. Na biyu sai hukumar likitocin ƙasar ta yi maka rajistar wucin gadi. Kafin ka sayar da filin gado ka sayi tikiti, ka nemi a rubuta maka a takarda wanne ne za a ba ka.

Masar ta yi kama da mu ta wata fuska: ƙasar Musulmi ce, kuma dashen da take yi daga masu rai ne. Cibiyar Hanta ta Ƙasa da ke Manufiyya ta daɗe a wannan fanni. Wanda ya yi karatun Larabci zai ji daɗin hulɗa da marasa lafiya. A Turkiyya, jami'ar Inonu da ke Malatya na cikin masu yawan dashe a duniya, sai dai harshe na iya zame maka shinge. Afirka ta Kudu na yi a Cape Town da Johannesburg, guraben horo ne kaɗan.

Ingila da Amurka su ne inda za a biya ka albashi mai kyau kana koyo, amma ƙofar ƙunci gare ta. Birtaniya baki ɗaya cibiyoyi 7 ke dasa wa manya hanta. A Amurka sai ka ci jarrabawar lasisin likitoci ta USMLE, kuma don samun cikakken lasisi galibi sai ka sake horon tiyata daga tushe kafin shekara 2 na dashe. Wanda ya bi nan, a gaskiya, da wuya ya dawo. Yara sun shiga makaranta, an ci bashin gida, hannu ya saba da kayan aikin da babu su a nan.

Ɗorewa. Wannan ce maganar da ta fi min nauyi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ban san aikin da karin maganar nan ta fi dacewa da shi kamar wannan ba. Ranar dashe daga mai rai, ɗakunan tiyata biyu ke aiki lokaci guda da ayari biyu. Ana buƙatar likitan sa barci da ya saba da hanta, ɗakin kulawa ta musamman da ma'aikatan jinya da ba sa barin gefen gado, ma'ajiyar jini da za ta iya fitar da leda 10 ko 20 da ruwan jini da ƙwayoyin daskarewa cikin dare, likitan hoto mai iya buɗe jijiya ta cikin fata, ɗakin gwaji mai auna yawan takrolimus a jini ya ba da sakamako a ranar, likitan da zai duba ɗan yankin hanta a madubi ya ce jiki ne ke ƙin ta ko ƙwayar cuta ce. Sai wutar da ba ta ɗaukewa ko na minti ɗaya. In ka dawo kai kaɗai da ƙwarewarka babu waɗannan, cikin shekara biyu hannun zai yi sanyi, domin wannan sana'a ba ta zama a hannun wanda ba ya yin ta a kai a kai. Jiki ma yana da iyaka: baya da wuya da ido kan fara gajiya tun kafin ilimi ya ƙare.

Sauƙi. Babu shi. Wayarka ba ta mutuwa, dare da rana, Sallah da azumi. Inda ake ɗaukar hanta daga mamaci, sa'o'i kaɗan take jurewa a cikin ƙanƙara, ba a so ta wuce 12, don haka lokacin da ta samu shi ne lokacin aiki. Ki sani, ƙanwata, akwai mata da suka yi fice a wannan fanni, amma shekarun horon su ne shekarun haihuwa da reno, sai kin zauna da maigida da iyaye an yi magana ta gaskiya tun kafin a fara.

Haɗari. A kowace tiyata mara lafiya ake yanka don a warkar da shi. A dashe daga mai rai kuwa, lafiyayyen mutum za ka kwantar, ɗa ko ƙane ko mata, ka cire masa kusan kashi 60 cikin 100 na hantarsa idan ɓangaren dama za a ɗauka. Hikimar Allah, ragowar kan sake girma cikin makonni, amma dole a bar masa aƙalla kashi 30. Duk da ƙwarewa, cikin kowane masu bayarwa 1,000 akan rasa ɗaya zuwa biyar. A 2002 wani ɗan jarida a New York ya rasu kwana uku bayan ya ba ɗan'uwansa hanta, hukumar lafiya ta jihar ta dakatar da irin wannan tiyata a asibitin na tsawon lokaci. Ka tambayi zuciyarka ko za ta iya fita ta gaya wa uwa cewa wanda ya shigo da ƙafarsa ne ya tafi.

Akwai kuma haɗarin shari'a. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta cinikin sassan jiki. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta dashe bisa sharuɗɗa ta kuma haramta sayarwa. Inda talauci ya yi yawa, za a kawo maka wanda aka ce ƙane ne alhali saye aka yi. Shari'ar da aka yanke a Landan a 2023 kan batun ƙoda, wadda ta kai wani tsohon mataimakin shugaban majalisar dattawanmu kurkuku, har da likita a cikin waɗanda aka ɗaure, shekara 10 aka yanke masa.

Mutum nawa za ka amfana? A yanzu kaɗan ne. Dashe a Indiya kan ci dala 30,000 zuwa 50,000, ban da tikiti da masauki da maganin da za a sha har ƙarshen rayuwa. Mai sankarar hanta kuma ba kowa ake dasa wa ba. Ƙa'idar Milan ta 1996 ta ce ƙari ɗaya da bai wuce santimita 5 ba, ko ƙari uku da kowanne bai wuce santimita 3 ba, kuma bai shiga jijiya ba. Na faɗa wa ƙanen nan nawa, cikin tausasawa, cewa a halin da aka kawo kawunsa, ko a Chennai yake ba za a yi masa dashe ba.

Hanya ta biyu: likitan tiyatar hanta da maɗaciya

Wannan shi ne likitan tiyata na gama-gari da ya ƙara shekara 1 zuwa 2 a kan hanta, maɗaciya da fankiriyas, wato gaɓar da ke bayan tumbi mai fitar da ruwan narkar da abinci. Horon tushe a gida za ka yi shi, kana karɓar albashi, a Shika ko Kano ko Sakkwato inda aka daɗe ana yaye ƙwararru, ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina a sassan da kwalejoji suka amince da su. Ƙarin horon ne kawai zai fitar da kai waje, kuma gajere ne, kuɗinsa bai kai na hanyar farko ba.

Aiki kuwa yana jiranka tun ranar da ka sauka. Duwatsun maɗaciya, waɗanda suka yi yawa ga masu sikila, ana cire su ta ƙananan huji da kyamara mutum ya koma gida cikin kwana biyu. Ƙurjin hanta mai ruwa. Dattijon da shawara ta kama saboda ƙari ya danne bututu, jikinsa na ƙaiƙayi ba ya barci, ka buɗe masa hanya ya samu sauƙi. Bututun da aka yanke bisa kuskure a wata tiyata, wanda gyaransa sai gwani. Ga kuma abin da jiharmu ta sani da kyau a shekarun nan: hantar da harsashi ya fasa, ko haɗarin mota a hanyar Kano ko ta Funtuwa. Likitan da ya san sassa 8 na hanta, ya san inda zai matse jijiya jini ya tsaya, yana ceton ran da a hannun wani zai tafi cikin minti ashirin. Sannan idan an gano sankara da wuri kuma hantar ba ta ƙanƙance sosai ba, yanke ɓangaren na iya warkar da mutum ba tare da dashe ba.

Ta fuskar ɗorewa, wannan ce ta fi tsayawa da ƙafa biyu. Ranar da babu aikin hanta, ga ƙaba, ga hanjin da taifot ya huda, ga maƙoƙo. Wahalar kiran dare na nan, ba ta kai ta mai dashe ba. Haɗarin zubar jini a tebur shi ma na nan, ga tsinin allura a ƙasar da cutar hanta ta yi yawa. Duk mai shiga tiyata ya yi allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B sau uku, ya kuma gwada jini ya tabbatar ta kama.

Babbar falalarta ita ce ba ta rufe ƙofar farko. Duk mai dashe daga mai rai sai ya fara zama gwanin yanka hanta. In an wayi gari an kafa cibiyar dashe a Kano ko Zariya ko nan Katsina, irinka za a fara nema a tura ƙarin horo.

Hanya ta uku: likitan ciki da hanta

Matasa kan ɗan raina wannan don babu wuƙa a ciki. Ni kuwa a nan nake ganin kawun nan da dubban irinsa. Binciken ƙasa na NAIIS na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, kashi 1.1 kuma nau'in C. Mafi yawansu ba su sani ba, domin cutar ba ta yin ciwo sai ta gama ɓarna. Jaririn da ya kamu lokacin haihuwa, sau 9 cikin 10 takan zauna masa har girma, alhali babba in ya kamu galibi jikinsa na kore ta. Shi ya sa allurar da ake yi cikin sa'a 24 na haihuwa ke da muhimmanci, kuma shi ya sa haihuwar gida da askar wanzami guda ɗaya a kan yara da yawa, wajen kaciya ko tsaga ko cire belu, suke cikin lissafin likitan hanta. Najeriya ta sa rigakafin cikin alluran yara a 2004, don haka duk wanda aka haifa kafin nan bai samu ba sai in da kansa ya nema. Ƙara da gubar aflatoksin da fumfuna ke bari a gyaɗa da masarar da aka zuba a rumbu da danshi: idan ta haɗu da nau'in B, haɗarin sankara kan ninka sau da yawa, kuma a yankinmu takan kama mutum yana tsakiyar ƙarfinsa, ɗan 35 ko 40. Ƙara da tsargiyar hanji a garuruwan da ke bakin madatsun ruwa da fadamun noman rani, wadda ke taurara hanta ta kumbura saifa.

Makaman wannan likita suna da araha kuma suna aiki. Ƙwayar tenofobir guda ɗaya a rana na danne nau'in B, tana rage haɗarin ƙanƙancewa da sankara ƙwarai, kuma a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗaɗa waɗanda suka cancanci a sa su a kanta. Mai ciki da ƙwayar ta yi wa yawa a jini, in ta sha a watannin ƙarshe, ana kare jaririn. Nau'in C kuwa warkewa ake yi, mako 12 na sofosbubir da daklatasbir na kawar da shi ga fiye da mutum 95 cikin 100. Masar, wadda a da ta fi kowace ƙasa fama da shi, ta gwada miliyoyin mutane daga 2018, kuma a 2023 hukumar ta duniya ta yaba mata a matsayin ƙasa ta farko da ta kai matakin zinare a hanyar kawar da cutar. Mai aman jini saboda jijiyoyin maƙogwaro sun fashe, da na'urar leƙa ciki ake ɗaure su da roba a tsayar da jinin. Mai ɗauke da cutar, hoto duk wata shida shi ke kama ƙari tun yana ƙarami, lokacin da likitan hanya ta biyu zai iya cire shi.

Shekarun horo 5 zuwa 6 ne, duka a gida, tafiya waje ta 'yan watanni ce don goge hannu a kan na'ura. Ita ce mafi arha. Za ka iya yin ta har furfura ta cika kai, kana iya buɗe asibitinka, kuma ta fi barin mutum ya ci abincin dare da iyalinsa. Nauyinta na zuciya ne. Za ka yi ta zuƙe ruwa daga cikin mutanen da ka san ba za su warke ba, za ka ga wanda ya daina shan magani don kuɗin gwaji ya gagare shi ya koma ga jiƙe-jiƙen da suka ƙarasa hantar. Wannan gajiya ce da ba a gani a jiki, amma tana nan.

Kada kuma ka ɗauka wannan hanya ta raba ka da dashe. Likitan hanta ne ke tantance wanda ya cancanta, shi ke shirya shi, shi ke riƙe shi bayan tiyata har ƙarshen rayuwa. Waɗanda suka dawo daga Indiya da sabuwar hanta suna nan a Katsina da Kano da Maraɗi, kuma babbar damuwarsu wanda zai duba musu yawan magani a jini ya gane alamar ƙi tun da wuri.

| Mizani | Dashen hanta | Tiyatar hanta da maɗaciya | Likitan ciki da hanta |
|---|---|---|---|
| Shekaru daga shiga jami'a | 17 zuwa 18 | 15 zuwa 16 | 13 zuwa 14 |
| Kuɗin horo | Mai yawa, da dala | Matsakaici | Kaɗan, galibi da naira |
| Zama a ƙasar waje | Shekara 3 ko fiye | Shekara 1 zuwa 2 | 'Yan watanni |
| Yiwuwar aiki a Katsina yau | Sai an kafa ayari da kayan aiki | Nan take | Nan take |
| Ɗorewa da tsufa | Jiki kan gaji da wuri | Matsakaici | Mai tsawo |
| Rayuwar iyali | Mai tsanani | Kiran dare da yawa | Ta fi sauƙi |
| Babban haɗari | Rasa lafiyayyen mai bayarwa, shari'a | Zubar jini, tsinin allura | Gajiyar zuciya |
| Yawan masu amfana | Kaɗan, amma daga bakin mutuwa | Ɗaruruwa a shekara | Dubbai |

Wa ya dace da wace?

In kai ne wanda hannunsa ke da natsuwa, ka tsaya sa'a 10 a tiyata ka fito kana jin da ma a ƙara, ba ka da nauyin iyaye da ƙanne a wuyanka tukuna, kuma ka yarda ka yi shekaru nesa da gida, to ka nufi dashe. Amma ka shiga ta ƙofar hanya ta biyu, ka zaɓi cibiyar da ke dashe daga masu rai, kuma tun yanzu ka fara neman abokan tafiya: mai sa barci, mai jinya, mai hoto, likitan hanta. Ku nemi asibitin koyarwa ko gwamnati ta tura ku tare da alkawarin kayan aiki a rubuce.

In burinka ka yi aiki a babbar cibiya a duniya kuma ka san a ranka dawowa ba dole ba ce, Ingila ko Amurka ce hanyarka, ka fara shirin jarrabawarsu tun kana bautar ƙasa.

In kana son wuƙa amma mahaifiya ta tsufa, ko kai ne babba a gida, ko kana so a ce Asibitin Janar Amadi Rimi ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Daura na da wanda za a kira in hanta ta fashe, hanya ta biyu ce taka.

In kuwa abin da ke hana ka barci shi ne fuskar mutum irin kawun nan, kana so a daina kawo su a makare, ko ke ce ke son ƙwarewa mai zurfi ba tare da barin yara shekara uku ba, to hanya ta uku. Ƙanen nan nawa ya ce zai yi istihara. Na ce kafin nan ya tara 'ya'yan marigayin da matansa a yi musu gwajin nau'in B, wanda bai da ita a yi masa rigakafi, wanda ke da ita a fara bin sa.